Auna Haske Kafin Ka Danna: Jawabi Ga Masu Ɗaukar Hoton Unguwa



An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan ɗaukar hoto, musamman yadda ake auna haske domin hoto ya fito sosai, kada ya yi duhu, kada kuma ya ƙone. Wataƙila wani dattijo ya ce a ransa, yau kuma hoto ne abin tara jama'a? To, a gafarce mu, akwai dalili. Mu da muke zaune a nan ƙasar Yarabawa, 'yan'uwanmu na Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau sukan yi shekaru ba su sa mu a ido ba. Jaririn da aka raɗa wa suna a nan, a hoto kakarsa za ta fara ganinsa. Amaryar da aka ɗaura wa aure, da yaron da ya sauke, da wanda aka naɗa wa rawani, duk a hoto labarinsu yake isa gida. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta ne tun 1916, ta haura shekara ɗari ke nan, amma in ka ce a kawo maka hotunan waɗanda suka riƙe fataucin shanu da goro a cikinta, kaɗan za ka samu, a cikin kaɗan ɗin ma wasu riga kawai kake gani fara fat, fuska kuwa duhu ya cinye ta. Ranar da dattijo ya kwanta dama, wannan hoton ne ya rage wa jikokinsa. Daɗin daɗawa, yaranmu da dama yanzu sana'ar da suke ci ke nan, suna karɓar kuɗin mutane a wurin biki, shi kuwa biki ba a maimaita shi don mai hoto ya gyara aikinsa.

Abin da kyamara take gani

Abu na farko da ya kamata mu sa a ranmu shi ne, kyamara ba ta san mutum ba. Ba ta san ango ba, ba ta san sarki ba. Haske kaɗai ta sani. Kowane hoto yana bukatar wani gwargwado na haske, kamar yadda kowace tukunya take da mudun da ya ishe ta. In ya gaza, hoto ya yi duhu. In ya zarce, hoto ya ƙone. Abubuwa uku ne suke riƙe da wannan awo, kamar duwatsun murhu.

Na farko shi ne ƙofar haske, watau ɗan ramin da ke cikin gilashin kyamara, wanda ake buɗawa ko a tsuke shi. Ku dubi idon kyanwa: da rana ƙwayarsa takan tsuke kamar zare, da dare kuwa ta buɗe ta cika ido. To haka ƙofar nan take, sai dai ita kai ne mai buɗe ta. Ita ce ake rubutawa da harafin f da lamba a gabansa.

Na biyu shi ne saurin ƙiftawa, watau tsawon lokacin da labulen kyamara yake ɗagawa haske ya shiga kafin ya rufe. Ana auna shi da gutsuren daƙiƙa, alal misali 1/125, wato daƙiƙa ɗaya a raba ta gida 125 a ɗauki gida guda.

Na uku shi ne lambar ISO, wadda take nuna ƙarfin jin haske na fim, ko na farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar zamani. Waɗanda suka yi aiki da fim a cikinmu sun san ta da sunan ASA, awon Amurkawa, akwai kuma DIN, awon Jamusawa. A 1974 aka haɗe su biyu a ƙarƙashin sunan ISO, shi ya sa a jikin kwalin fim za ka ga an rubuta 100/21°. A zamanin fim, in ka sa ɗan 100 a kyamara, to kai da shi ke nan har ka ƙare hoto 36 ɗin nan. Yau kuwa kana iya sauya lambar daga wannan hoto zuwa wancan.

Matakan tsani

Abin da zai sauƙaƙa mana lissafi shi ne, dukkan ukun nan a kan tsani iri ɗaya suke hawa. Kowane mataki ko dai ya ninka haske biyu, ko ya raba shi biyu.

Tsanin ISO shi ne 100, 200, 400, 800, 1600, 3200, 6400. Ɗan 200 rabin hasken da ɗan 100 yake bukata ya ishe shi.

Tsanin ƙiftawa shi ne 1/15, 1/30, 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000. Duk matakin da ka ƙara sauri ka rage rabin haske.

Tsanin ƙofa shi ne f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22. A nan ne mutane suke ruɗewa, don ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, babbar lamba kuma ita ce ƙaramar ƙofa. Dalili kuwa, lambar rabawa ce. In gilashinka mai tsawon milimita 50 ne ka sa shi a f/2, faɗin ramin milimita 25 ke nan, wato 50 a raba biyu. In ka mai da shi f/8, faɗin ya koma milimita 6 da 'yan kai. Ai ko a rabon nama, wanda ya sami kashi ɗaya cikin biyu ya fi wanda ya sami ɗaya cikin takwas. Ku riƙe wannan, ruɗu ya ƙare.

Tun da matakan daidai suke, sai abin ya zama ciniki. Abin da ka rage a nan, sai ka cike shi a can. In ka tsuke ƙofa mataki ɗaya, sai ka rage saurin ƙiftawa mataki ɗaya, ko ka ɗaga ISO mataki ɗaya, haske ya tsaya yadda yake. Amma fa babu kyauta a kasuwar nan, kowanne da farashinsa.

Farashin kowanne

Farashin buɗe ƙofa shi ne, zurfin abin da zai fito tar yakan ragu. A f/1.8, in ka ɗauki mutum daga kusa, idonsa zai fito sosai, amma bangon da ke bayansa ya narke ya yi hazo. Wannan abin so ne in amarya kaɗai kake ɗauka, domin zai ɓoye maka kwalabe da kujeru da wayoyin wuta da ke bayanta. Amma in 'yan kwamiti ne suka jeru sahu uku, ka ɗauke su a f/1.8, na gaba za su fito, na baya kuwa su zama kamar inuwa, kuma a cikinsu akwai wanda zai biya ka. Hoton jama'a yana son f/5.6 ko f/8, a kuma saita idon kyamara a kan wani na sahun gaba ko na tsakiya. Kada kuma a ce tun da tsukewa tana da amfani bari a kai ta f/22, domin daga f/16 zuwa sama kaifin hoto yakan fara raguwa.

Farashin rage saurin ƙiftawa shi ne girgiza. Ko hannunka ya motsa, ko wanda kake ɗauka ya motsa. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, in da hannu kake riƙe da kyamara, kada sauri ya gaza lambar tsawon gilashinka: mai milimita 50 kada ya sauka ƙasa da 1/60, mai milimita 200 kada ya sauka ƙasa da 1/250. Mutane a tsaye ko a zaune, 1/125 ta ishe su. Yara masu guje-guje da masu rawa suna son 1/250 zuwa 1/500. Doki a guje, kamar na hawan Salla a gida, ko na Ojude Oba da ake yi a Ijebu-Ode bayan Babbar Salla, sai 1/1000. Kyamarori da yawa yanzu suna da na'urar da ke rage rawar hannu, amma ba ta iya riƙe yaron da ke gudu.

Farashin ɗaga ISO kuwa shi ne yashi, wato ɗige-ɗigen nan da ke bazuwa a kan hoto, musamman a wurare masu duhu, tare da dusashewar launi. Iyayenmu da suka saba kama tashar nesa a gajeren zango sun san wannan. In murya ta yi ƙasa ka murɗa rediyo, muryar za ta ƙaru, amma shuuu ɗin ma ya ƙaru tare da ita. Murɗawar ba ta matso da tashar kusa ba. Haka ɗaga ISO ba ya ƙara hasken da ya shiga kyamara, abin da ya shiga ne yake ƙara wa ƙarfi, da mai kyau da datti gaba ɗaya.

Saboda haka tsarin aiki shi ne wannan. Fara da tambayar kanka, mutum nawa nake son su fito? Amsar ita za ta ba ka ƙofa. Sa'an nan, suna motsi ko suna tsaye? Amsar ita za ta ba ka sauri. Abin da ya rage na haske sai ISO ya cike. Ka bar shi a ƙasa matuƙar haske ya wadata, amma kada ka ji tsoron ɗaga shi in bukata ta kama. Hoto mai ɗan yashi wanda fuska ta fito tar, ana ajiye shi a sa a bango. Hoton da ya girgiza kuwa ba wanda ya iya gyara shi.

Baƙar fata da farar riga

Yanzu mun zo kan abin da ya fi shafar mu. A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, kuma an gina shi ne a kan zato guda: cewa in an gauraya duk abin da ke gabansa, zai tashi ruwan toka matsakaici, irin wanda yake mayar da kimanin kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. A kan ciyawa da ƙasa da tsohon bango wannan zato yakan yi daidai. Amma ku dubi taronmu. Ranar Salla ko ɗaurin aure, farar shadda ce ta cika ko'ina, ga farin rawani, ga farar rumfa. Ma'auni zai ga fari ya yi yawa, ya ce haske ya zarce, sai ya rage shi har farin ya koma toka-toka. In fari ya koma toka, ina kuke zaton fuskarmu za ta koma? Duhu mana. Asalin hoton nan ke nan da ake ganin riga da haƙora kawai.

Maganinsa yana jikin kyamara. Akwai maɓalli mai alamar + da −. In fari ya cika hoto, ƙara +1, wani lokaci har +1.5, ka duba. In kuwa duhu ne ya cika hoto, kamar mutum ɗaya a tsaye da dare bayansa baƙi ƙirin, ma'auni zai yi akasin haka, ya ƙara haske har riga ta ƙone, fata ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka. A nan sai ka rage zuwa −1. Haka kuma in ka auna daga kan fuskar mutum baƙi sosai kaɗai, kyamara za ta so ta mai da ita ruwan toka, ta fi yadda take haske, sai ka rage rabin mataki ko mataki guda domin mutum ya fito da launin da aka san shi da shi. Wata tsohuwar dabara ita ce ka auna daga tafin hannunka a cikin hasken da ke kan mutumin, sa'an nan ka ƙara kimanin mataki ɗaya, domin tafin hannu ya fi ruwan tokan nan haske da kusan haka.

Kada wani ya ce fatarmu ce ba ta karɓar hoto. Akwai tarihi a bayan wannan magana. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa rarraba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake saita launi a injin wanki. Watau farar fata ce ma'auni. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta buga bincike a 2009 inda ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim ya riƙa fitar da launin ƙasa-ƙasa har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita daidai a hoton talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fito da kati mai mata masu launin fata dabam-dabam. A 2021 ma kamfanin Google ya fito da wani tsari a wayarsa Pixel 6 domin gyara wannan matsala. To amma duk da haka, masu hannu sun daɗe suna fitar da baƙar fata yadda ya kamata. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014, a nan Ibadan ya fara aiki a ɗakin wanke hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a 1954. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan dubu. Baƙin gashi ne a kan baƙar fata, amma kowane layin kitso kana iya ƙirga shi. Sanin haske ne ya ba shi wannan.

A cikin rana

Akwai wata ƙa'ida da za ta fisshe ka ko ma'auninka ya lalace. In rana ta fito tar, sa ƙofa a f/16, sa'an nan saurin ƙiftawa ya zama lambar da ta fi kusa da ISO ɗinka. Watau a ISO 100, sai f/16 da 1/125. Daga nan sai ciniki: f/11 da 1/250, ko f/8 da 1/500, ko f/5.6 da 1/1000, duk haske ɗaya ne. Ka ga ashe mai ɗaukar doki ya sami 1/1000 ɗinsa ba tare da ya taɓa ISO ba. In rana ta ɗan lulluɓe, kamar lokacin hazon hunturu, buɗe zuwa f/11. In gajimare ya rufe, inuwa da ƙyar ake ganinta, f/8. In hadari ya haɗu sosai, irin na watan Yuli da Agusta da muka sani a nan Kudu, f/5.6. In a cikin inuwar gini ne ko dab da faɗuwar rana, f/4.

Mutane suna zaton rana tsaka ita ce lokacin hoto. A'a. Da tsakar rana hasken daga bisa kai yake saukowa, hula da rawani da goshi su jefa inuwa a kan ido, farar riga kuwa tana ƙyalli. Tazarar da ke tsakanin hasken rigar da duhun fuskar ta fi abin da kyamara za ta iya ɗauka a hoto guda, ko ka ceci riga ka rasa fuska, ko ka ceci fuska ka rasa aikin da aka yi wa riga. Maimakon ka yi ta kokawa da lambobi, sauya wuri. Kai mutum bakin inuwa, ƙarƙashin bishiya mai duhuwa ko bakin zaure, fuskarsa tana kallon wajen da haske yake fitowa. A nan tazarar za ta ragu, farar rigar ma ta taimaka ta mayar da haske kan haɓa da kumatu. In babu inuwa, sa yaro ya riƙe farin kwali ko farin zane daga gefe ya mayar da haske kan fuskar, ko ka kunna filasha ko da rana ce, ta cike duhun da ke ƙarƙashin hula. Ranar gajimare kuwa, kada ka ce yau babu hoto, ita ce ma ta fi dacewa da fatarmu.

A kula da rumfar biki. Waɗanda ke ciki suna inuwa, bayansu kuwa titi ne mai rana. Ma'auni zai bi hasken titi ya bar manyan baƙi a duhu. Matsa kusa, cika hoton da mutanen, ko ka ƙara +1. Rumfa ja ko shuɗiya kuma takan zuba launinta a kan fuska, don haka hoton ango da iyayensa gara a fito da su bakin rumfa.

A cikin zaure da dare

Bari mu yi lissafi guda tare. A ce kana cikin ɗakin taro da dare, ma'auni ya ba ka f/5.6 da 1/15 a ISO 400. Ka san 1/15 girgiza ce, kana bukatar 1/125. Ƙirga matakan: 1/30, 1/60, 1/125. Mataki uku ke nan ka ci bashi, dole ka biya. In mutum ɗaya ne yake jawabi, buɗe ƙofa daga f/5.6 zuwa f/4 zuwa f/2.8, ka biya biyu, sa'an nan ka ɗaga ISO zuwa 800, ka biya na uku. In kuwa sahun mutane ne, ba ka son taɓa ƙofa, sai ISO ya ɗauki nauyin duka: 800, 1600, 3200. Kyamarorin wannan zamani masu babban faranti sukan ɗauki 1600 da 3200 ba tare da hoto ya lalace ba. Abin da ya fi muni shi ne ka ƙi ɗaga ISO, hoto ya fito da duhu, ka ce za ka haskaka shi a kwamfuta. Yashin yana nan a ɓoye cikin duhun, kuma a kan fuska zai fara bayyana.

Ga shawara ga matasan da suke son kashe kuɗi. Gilashin da yakan zo da kyamara, mai milimita 18 zuwa 55, in ka jawo shi zuwa ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Ɗan ƙaramin gilashi mai milimita 50 da f/1.8, wanda yana cikin masu arha, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Kafin ka sayar da kyamararka ka sayi babba, fara gwada shi.

Sai maganar wuta. Wutar lantarkin ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka wasu fitilu, musamman dogon ƙwai da ƙananan fitilun zamani masu arha, suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. In ka ga ratsi-ratsi a hoto, ko wannan ya fito da haske na bayansa ya fito da duhu alhali ba ka sauya komai ba, koma 1/100 ko 1/50. In janareta ne, juyinsa yakan ɗan kauce, sai ka gwada ka duba.

Ita kuwa filasha, a san iyakarta. In nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, watau an rasa mataki biyu. Shi ya sa wanda ke mita biyu da kai yake ƙonewa, wanda ke mita huɗu ya yi daidai, na mita takwas kuwa ya ɓace. Jera mutane a nisa ɗaya da kai. In silin fari ne kuma ba shi da tsawo, ɗaga kan filasha sama, haske ya daki silin ya sauko a hankali, zai rage ƙyallin gumi a goshi. Ɗaga ISO zuwa 800 tare da filasha yana sa bayan hoto ya fito, kada mutane su zama kamar a cikin rijiya aka ɗauke su. Yawancin kyamarori kuma ba sa aiki da filasha yadda aka saba in sauri ya wuce 1/200 ko 1/250.

Masu waya

Mun san mafi yawan waɗanda ke zaune a nan waya ce kyamararsu. Yawancin wayoyi ƙofarsu a kafe take, kusan f/1.8, ba a buɗa ta ba a tsuke ta, sai 'yan kaɗan irin Galaxy S9 ta Samsung da ta fito a 2018 da ƙofa biyu. Hazon bayan hoto da waya take yi, lissafi ne na na'ura. Farantinta kuma ƙarami ne, shi ya sa yashi yake saurin kama ta da dare. Amma kuna da abin yi. Taɓa fuskar mutum a kan allo kafin ka danna, wayar za ta auna daga nan. Alamar rana ko sanda za ta fito, ja ta sama ko ƙasa har fuska ta yi daidai. Wayoyi da yawa suna da sashen Pro, inda za ka sa ISO da sauri da hannunka. Juya mutum ya fuskanci taga ko fitila, kada haske ya kasance a bayansa. Da dare jingina gwiwar hannu da bango ko tebur. Sa'an nan goge gilashin da gefen riga, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hoto ya yi hazo.

Abin da muke roƙo

Ga masu babbar kyamara, ba lalle ne ku fara da M ba, inda komai da hannu ake yi. Sa ta a Av in Canon ce, ko A in Nikon ko Sony ce. Kai ka zaɓi ƙofa da ISO, ita ta zaɓi sauri, kai kuma idonka yana kan saurin kada ya faɗi, yatsanka yana kan + da −. Kunna alamar da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo, domin a cikin rana allo yakan yaudari ido. In ɗan gefen riga ne yake walƙiya, babu laifi. In goshi ne ko dukan gaban riga, rage.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin makon nan kowa ya sami ƙaninsa ya sa masa farar riga da hula, ya ɗauke shi a rana, a inuwa, a zaure, da kuma da dare. A kowane wuri a yi hoto uku: a −1, a sifili, a +1. A rubuta lambobin a takarda, a kwatanta. Wanda ya yi wannan sau biyu zai san halin kyamararsa fiye da abin da jawabi goma zai koya masa. Ranar biki kuma a iso da wuri, a gwada haske a kan wani kafin manya su zauna, domin ba ladabi ba ne a tsai da dattijo a rana ana ta murɗe-murɗe.

Muna kuma roƙon iyayenmu, in yaran nan sun ce a ɗan matso bakin inuwa, ko a ɗan ɗaga hula daga goshi, a yi haƙuri a ba su haɗin kai. Sa'an nan muna ba shugabannin ƙungiya shawara, a sa matasa su bi dattawan unguwa gida gida da hantsi ko da la'asar, a ɗauki kowa hoto mai kyau a bakin zaurensa, a wanke a kan takarda, a rubuta suna da garin asali da shekara a baya, a ba iyalinsa ɗaya, ƙungiya ta ajiye ɗaya. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓace a mota, takarda kuwa in an adana ta tana kai wa ga jika.

 Duk mai tambaya ya kawo kyamararsa ko wayarsa bayan an tashi, mu duba tare.